Shekarar da Aka Yafe a Madadina

Naomi, Bulus, Yakubu, na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina: wai uwarku mai taurin zuciya ce, ta ƙi yafe mutuwar mijinta har ikilisiya ta sa ta a horo. Kun ji shi a bakin yara a makarantar Lahadi, kun ji shi a bakin manyan da ya kamata su ji kunya, kuma na ga lokacin da ɗayanku ya fara yarda da shi, ko da yake bai faɗa ba. Ban tanka ba domin kuna ƙanana, ni kuma bakina ya gaji. Yanzu gwiwoyina sun ƙi ni, idona na hagu ya fara dishi-dishi, to bari in faɗi yadda aka yi tun ina iya riƙe biro. Kada ku sa rai zan faɗe shi da sanyin murya. Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake yi.

Mun zo Jibiya daga ƙauyenmu na kudancin Katsina da aure sabo, mu Hausawa Kiristoci tun daga iyayenmu. Ubanku Ishaya faci yake yi a bakin iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a gama duba takardunsu kafin su wuce Maraɗi. Ni kuma ina sayar da shinkafa da wake kusa da rumfarsa, tare da sauran mata masu abinci. Wurin namu yana ƙasan wani ɗan gangare ne. Ba wani tudun kirki ba ne, yaro ma yana hawa da keke bai sauka ba, amma ya ishi mota mai kaya ta gangaro.

A majami'armu akwai Dattijo Dauda, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, mai babbar motar da ke kai hatsi ƙetare. Shi ya yi wa majami'a rufin kwano, shi ne kuma bakinmu wajen hukuma idan wani abu ya taso, domin mu 'yan kaɗan ne a garin. Motar nan tasa ba ta tashi da makulli. Sitatarta ta mutu tun kafin in haifi Yakubu, birkin hannu kuwa ba wanda ya tuna ranar da ya taɓa kamawa. Dabarar da suke yi ita ce, a ajiye ta a saman gangaren nan hancinta na kallon ƙasa, a bar ta a giya, a sa dutse a ƙarƙashin taya. Idan an gama da takardu sai direba ya hau, a buge dutsen, ta gangaro, ya saki kuloci ta kama. Kowa ya san da wannan. Mu mata har tsokanar direban muke yi, muna cewa motarsu ba ta jin magana sai an tunkuɗa ta. Ubanku shi bai taɓa ɗaukar abin da wasa ba. A gabana ya tare Dattijo a harabar majami'a bayan sujada, ya cire hula, ya yi masa magana cikin ladabi.

“Baba, motar nan tana bisa kanmu kullum. Don Allah a duba birkin nan.”

Dattijo ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa.

“Ishaya ke nan. Allah ne ke tsare mu, ba birki ba.”

Da damina abin ya faru, da hantsi, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Motar na cike da masara, direba ya tafi ofis da takardu. Dutsen ya nutse cikin ƙasa, giya ta zame. Abin da har yau ke tsaya mini a rai shi ne ba ta yi ƙara ba, tunda injin a kashe yake. Ubanku na sunkuye a kan wata taya, ya ba ta baya. Ni ina zuba wa wani abinci, na ɗago kai na ga inuwa na tafiya inda bai kamata inuwa ta yi tafiya ba. Sauran ba zan rubuta ba, ba ku da bukatarsa.

A zaman makoki ba ni da abin faɗa a kan kowa sai godiya. Maƙwabtanmu Musulmi sun cika gidan nan, Hajara abokiyar sana'ata ita ta riƙe mini Yakubu a bayanta har aka watse. Wanda ya ce mini sai haƙuri, na amsa masa da zuciya ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne, ina zaune a ɗaki ina karɓar gaisuwa, wan ubanku Markus, wanda ya zo daga ƙauye, ya bi dattawan ikilisiya zuwa wajen hukuma, suka ce iyalin mamaci sun yafe, ba su neman komai a kan kowa. Haka al'adarmu take, dangin namiji ke magana a kan jininsa. Ba a aiko an tambaye ni ba, ba a ma aiko an gaya mini ba. A majami'a na ji, Lahadin da na fara fita. Fasto ya miƙe ya ce yana da shaida mai daɗi: iyalin ɗan'uwanmu Ishaya sun nuna wa garin nan irin ƙaunar Almasihu, sun yafe tun kafin a kai shi kabari, sun karɓi abin da ya faru a matsayin nufin Allah. Jama'a suka ce amin. 'Yan zumuntar mata suka ɗauki waƙa, na kusa da ni suka riƙa rungume ni suna yaba mini. Dattijo Dauda na zaune a kujerar gaba yana gyaɗa kai, idonsa a rufe. Ni kuwa ina riƙe da Yakubu, ana tafa mini a kan maganar da ban taɓa furtawa ba.

Da muka koma gida na sami Markus yana ɗaure kayansa.

“Yaya, wa ya aike ka?”

“Aike na mi?”

“Ka tahi ka ce an yafe. Da bakin wa ka yafe?”

“Rifkatu, ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. In ban yi magana ba wa za shi yi? Kuma mi kike so, a ɗaure dattijon ikilisiya? Shari'a za ta tashe shi daga kabari? Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya so haka.”

“To ka yafe rabonka na ɗan'uwa, wannan naka ne. Nawa fa? Na yaran nan fa? Ka ɗauki abin da ba naka ba ka yi kyauta da shi.”

Ya ce baƙin ciki ne ke magana, ba ni ba. Ya hau mota ya koma ƙauye, ya bar ni da 'ya'ya uku da yabon mutane.

Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da na haɗiye. Mace ta saba da haɗiya. Amma ke Naomi, lokacin ba ki daɗe da shiga firamare ba, sai na lura idan mun zauna cin abinci an ce a yi addu'a, idonki a buɗe yake, hannuwanki a kan cinya. Na yi miki magana sau ɗaya, na sake, ranar da na matsa miki kika dube ni kika ba ni amsa.

“Ni ba ni magana da Allah. Fasto ya ce shi ne ya so Baba ya mutu.”

Ba ki yi kuka ba, da kin yi ma da ya fi mini sauƙi. A nan na gane abin da aka yi mana. An ɗauke laifin daga kan mai mota, an rasa inda za a ajiye shi, sai aka ɗora wa Allah, domin shi ba ya kai ƙara. An kashe muku uba, kuma ana shirin raba ku da Uban da ya rage muku, duk don kada ran mutum ɗaya ya ɓaci. Kuma da na koma wurin sana'a, me zan gani? Motar nan a saman gangare, hancinta na kallon rumfunanmu, kamar yadda ta saba. Gyaran da aka yi shi ne an samo dutse mafi girma.

A kwanakin nan ne direban ya zo. Sunansa Lawali, Musulmi ne, mutumin wani ƙauye a bayan Maraɗi. Tun ranar da abin ya faru bai yarda mun haɗa ido ba. Da la'asar ya yi sallama, ya ƙi shigowa, ya durƙusa a bakin zaure ya cire takalmi.

“Inna, ni ne mai tuƙin kamyon nan. An ce kun yahe, amma ni ban ji daga bakinki ba, kuma barci ya ƙi ni. Ni na aje ta nan da hannuna. Na ga ƙasa ta jiƙe, na san dutsen ba shi riƙewa, na ce bari in yi sauri in dawo. Na sha hwaɗa ma maigida a gyara, shina cewa sai bayan kaka. Amma da na ƙi hawa, da ba ta zo nan ba. Tsoron rasa aiki ya sa ni. Laihina ne. Ki yi yadda kika ga dama da ni.”

Ku ji da kyau, ku da aka gaya wa uwarku ba ta yafiya. Kafin yaron nan ya rufe baki na yafe masa. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi ƙoƙari ba, abin ya zo da kansa. Na ɗebo masa ruwa ya sha, muka zauna muna kuka, shi a waje ni a ciki. Ya zo da laifinsa a hannu ya ajiye a gabana, na ga abin da zan yafe. Amma ta yaya ake yafe abin da aka ce ba wanda ya aikata shi? Idan nufin Allah ne, to Allah zan yafe wa ke nan?

Washegari na ɗaura zane na tafi wajen hukuma, na ce ni ce matar mamacin, ba da yawuna aka janye maganar ba, kuma motar da ta kashe shi tana nan a inda ta kashe shi. Kafin mako ya zagayo dattawa suka kira ni. A ɗakin bayan majami'a aka zauna, su a kan kujeru, ni a kan tabarma. Dattijo Dauda na cikin masu yi mini shari'a, ba wanda ya ga bai dace ba. Fasto ya fara da addu'a, sannan ya ce na kai ɗan'uwa gaban waɗanda ba masu bi ba, na kunyata ikilisiya, na mayar da shaida mai kyau ƙarya. Zan yi masa adalci, ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne. Ya yi mini tambayar da har yau ban gama amsa ta ba.

“Rifkatu, ranar nan Allah bai gani ba ne, ko ya gani ya kasa? Wanne kika zaɓa? In kin cire mutuwar Ishaya daga hannun Allah, hannun wa za ki sa ta?”

Maganar ta shige ni. Sannan na faɗi iyakar abin da nake da shi.

“Ya gani, Fasto, kuma bai kasa ba. Abin da ya sa ya ƙyale, ban sani ba, zan tambaye shi ranar da na gan shi. Amma ƙyalewa daban, so daban. Kowace Lahadi kai kake ja mana addu'a, muna roƙo a yi nufinsa a duniya. In duk abin da ake yi a duniya nufinsa ne, to roƙon mi muke yi? Allah bai so a bar mota ba birki bisa kan mutane ba. Wani ne ya so haka, kuma yana zaune a ɗakin nan.”

Dattijo Dauda ya gyara zama.

“Ni ban tura motar nan ba. Ina gidana ina addu'ar sahe abin ya faru.”

Fasto ya sassauta murya, ya ce in duba, mu nawa ne a garin nan? Idan muka fara kai juna ƙara, wa zai tsaya mana gobe? Ya ce Allah ƙauna ne, ƙauna kuma tana rufe laifi. Na fahimci tsoronsa, ni ma a garin nake kwana. Amma abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne, Allah ya ƙaunace mu har ya ba da Ɗansa saboda zunubinmu. Da zunubi abin a ce ba komai ne, da daga sama zai ce ba komai, kowa ya huta, ba sai an kai Yesu gicciye ba. Ƙaunar da na sani ta kira laifi da sunansa, sannan ta ɗauke shi a kanta. Wadda suke nema a wurina kuwa, a share laifi ne a tura ƙarƙashin tabarma, a ce Allah ya zauna a kai. Na ce musu Dattijo ya ce ya yi sakaci, ya gyara motarsa, yau ɗin nan in je in janye. Suka ce ba a sa wa dattijo sharaɗi. Hukuncinsu shi ne ina cikin horo har ranar da zan miƙe a gaban jama'a in ce na karɓi mutuwar Ishaya a matsayin nufin Allah.

Kada ku zaci na yi nasara a wajen hukuma. Da aka tayar da maganar, Lawali aka kama, domin shi ne ya amsa laifi da bakinsa. Mai motar ko kwana ɗaya bai yi a hannu ba. Mutum ɗaya tak da ya faɗi gaskiya, shi na jawo wa ɗauri, wannan kuwa ya ci mini rai fiye da horon. Ni na riƙa kai masa abinci, ni na yi ta zirga-zirga ina roƙo har aka sake shi. Ya rasa aikin da ya ji tsoron rasawa, ya ƙetare ya koma garinsu, ban sake ganinsa ba. Abu ɗaya da aka samu shi ne an riƙe motar aka ce sai an gyara. Makaniki ya fara da hantsi, kafin la'asar ya wanke hannu ya tafi. Iyakar aikin ke nan. Shi ne aka yi ta ɗagawa sai bayan kaka, har ya ci ran ubanku.

Horo kun gan shi da idonku, ko da ba ku san dalilinsa ba. Bencin baya kusa da ƙofa, inda rana ke shigowa. Na ninke kayan zumuntar mata na sa a ƙasan akwati. Matan da suka rungume ni suna yabo suka koma gaishe ni daga nesa. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ranar cin Jibin Ubangiji, domin dattawa ne ke zagayawa da farantin gurasa, kuma layinmu na mata Dattijo Dauda ke bi. Yana zuwa benci benci, yana miƙa wa kowa jikin Almasihu da aka karya domin gafarar zunubai, idan ya iso kaina sai ya ɗaga farantin kaɗan ya wuce. Shekaru aka yi a haka. Kowace Lahadi ina sane da cewa magana ɗaya ce tsakanina da gurasar nan, in miƙe in faɗa a wuce wurin. Akwai ranakun da yunwarta ta kusa sa ni in faɗa. Sai in dube ku a gefena, in tuna idan na faɗa, a kunnenku zan faɗa. Ban bar majami'ar ba kuwa, ko da Hajara ta ce mini ita da ita ce da tuni ta daina zuwa inda ba a son ta. Na ce mata ba wajensu nake zuwa ba.

Ke Naomi, ban yi miki wa'azi ba, ban iya ba. Na dai gaya miki cewa Allah bai so Babanki ya mutu haka ba, mutane ne suka yi sakaci, kuma Yesu da kansa ya taɓa tsayawa a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka. An daɗe idonki na nan a buɗe. Wata rana muna shirin cin tuwo, na ɗan buɗe ido a tsakiyar addu'a, na ga naki a rufe. Ban nuna miki na gani ba.

Sai da aka canja mana fasto sannan aka ɗage horon. Sabon ya karanta yadda aka yi, ya kira ni, ya ce in koma wurina, bai nemi in faɗi komai ba. Ranar Jibin Ubangiji na zauna cikin mata da kayan zumuntata, sun ɗan matse ni. Dattijo Dauda ya tsufa a lokacin. Ya zo benci benci har ya iso kaina, wannan karon ya tsaya. Na yi tunanin zan ji ƙyamar karɓa daga hannunsa, amma gurasar ba tasa ba ce. Na kuma san ba zan ci ta da ƙulli a zuciya ba. Na ɗauki tawa, na yi magana a hankali yadda shi kaɗai zai ji.

“Baba, na yafe maka.”

Ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki na gaske.

“Laihin mi, ɗiyata? Ai ban yi miki komi ba.”

Ya wuce da farantinsa zuwa benci na gaba. Na ci gurasar, hawaye na zuba a kanta.

To ga gaskiyar uwarku. Na yafe wa wanda ya roƙa, na yafe wa wanda bai roƙa ba. Yafiyar Dattijo Dauda tana nan a ajiye har ya mutu bai zo ya ɗauka ba, domin kafin ya ɗauka sai ya yarda akwai abin yafewa. Abin da na ƙi shi ne in yi wa Allah shaidar zur a gaban 'ya'yana, kuma da za a mayar da ni kan tabarmar nan yau, ƙin zan sake yi. Duk wanda ya sake ce muku Allah ne ya kashe ubanku, kada ku yi gardama da shi. Ku turo mini shi, ina nan da raina.